Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tawadar da Ta Kama Riga Ta Ƙi Kama Bokiti?

TAMBAYA

Ni matar aure ce a Zariya, ina 'yar sana'ar buga kayan rabon biki a cikin gida. Na koyi bugun sikirin a wajen wani mai buga riguna, kuma alhamdu lillahi hannuna ya faɗa a kan rigunan auduga da hankici, ba a taɓa dawo mini da kaya ba. To da aka fara sanina a unguwa, sai aka shiga kawo mini abubuwan da ban saba da su ba, ni kuma kunya da son ciniki suka hana ni cewa a'a.

Wata ta kawo ƙananan bokitan roba na rabon suna. Na buga, rubutu ya fito tsaf, washegari ina sa farce sai ya taso gaba ɗaya. Jakunkunan nan marasa nauyi da ake zuba kayan rabo a ciki, ina ɗora dutsen guga sai suka narke. 'Yan ƙwallon unguwarmu sun kawo jajayen jesi na sa musu farar lamba, bayan kwana biyu lambar ta koma ruwan hoda, har yau kunyar haɗuwa da su nake yi. Kofunan tangaran kuwa wanki ɗaya aka yi musu, sunan amarya ya bi ruwa. Yanzu ga wata tana so in buga mata a kan ƙwarya da 'yan jakunkunan fata, wata kuma a kan shadda.

Malam, shin akwai tawada guda da ke kama komai, in saya in huta? Wani mai shago ya ce yana da ita, sai dai da tsada. Ko kuwa hannuna ne bai iya ba? Maigidana ya ce in tsaya a kan riguna kawai, amma ni ina ganin kuɗin yana wajen sauran kayan.

Wata mai karatu, daga Zariya

AMSA

Malama, Allah ya yi wa sana'a albarka. Bari in fara da abin da ya shafi aljihunki: kada ki sayi tawadar nan. Akwai tawadar da ke kama abubuwa uku ko huɗu masu kusancin hali, kamar sitika da wasu nau'o'in roba da ƙarfen da aka riga aka yi wa fenti, kuma ina jin irinta mai shagon yake nufi. Amma wadda za ta zauna a kan auduga ta yi laushi a jiki, ita ce kuma za ta zauna a kan kofi ta jure soso da sabulu, wannan ba a yi ta ba. Hannunki kuma lafiyarsa ƙalau. Ki duba wasiƙarki da kyau, duk abin da kika lissafa ya fito da kyau a lokacin da kika buga shi, ɓarnar daga baya ta zo. Wanda bai iya jan tawada ba, a take ake ganin aibinsa. Abin da ya rage miki shi ne sanin jikin da kike bugawa a kai, domin shi ne yake zaɓar tawada, ba mai bugu ba.

Tawada tana riƙe abu ta ɗayan hanyoyi uku. Ko dai ta shiga cikinsa ta naɗe zarensa, kamar yadda take yi wa auduga da takarda da ɗanyen katako. Ko kuma tinar da ke cikinta ta ɗan narkar da fatar abin, su haɗe su bushe tare, wanda shi ne abin da ke faruwa tsakanin tawadar PVC da sitika ko bana. Ko kuma, in abin ba ya sha kuma ba ya narkewa, kamar gilashi da tangaran da ƙarfe, ta zama gam mai ƙarfi ta manne masa. Tawadar rigunanki ta hanyar farko kaɗai ta sani. Da kika ɗora ta a kan bokiti ba ta sami zaren da za ta kama ba, sai ta bushe a sama ta zauna jiran farcenki.

Mu tsaya a kan bokitin, don a nan ne kuɗi yake, a nan ne kuma aka fi yin asara. Abin da muke kira roba da baki ɗaya, iri-iri ne, kuma halinsu ya sha bamban. Ki kifa bokitin ki duba gindinsa, sau da yawa za ki ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. In kin ga 5, ko haruffan PP, ko kuma 2 ko 4 masu ɗauke da PE, to kin haɗu da masu taurin kai. Yawancin bokitai da baho da kwandon roba da kular abinci da maficin roba duk daga wannan gidan suka fito. Lamba 3 ita ce PVC, lamba 6 kuma PS, su waɗannan tina tana cin su, don haka tawadar mai, wato mai tina a cikinta, tana kama su ba wahala. In babu lamba, ki yanki ɗan ƙaramin yanki daga wanda ya lalace ki jefa a kofin ruwa. PP da PE suna tasowa sama domin ba su kai ruwa nauyi ba, PVC da PS kuwa nutsewa suke yi. Gwaji na biyu, ki ɗiga tina a wurin da ba a gani, ki jira minti ɗaya ki taɓa. In wurin ya yi danƙo ko ya dushe, tawada za ta ci. In tinar ta bushe ta bar wurin yadda ta same shi, to akwai sauran aiki.

Dalilin taurin kan PP da PE shi ne fatarsu ba ta jan ruwa ko wani abu mai ruwa-ruwa. Zuba musu ruwa ki gani, dunƙulewa yake yi ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Masana'antu suna auna wannan jan da lamba: ɗanyar PP tana wajen 30, tawada kuwa tana buƙatar 38 ko sama da haka kafin ta baje ta riƙe. Su a can suna ɗaga lambar da na'urar lantarki, shi ya sa ledar da aka yi don a buga mata suna take zuwa da fuska ɗaya da aka riga aka gyara. In za ki sayi leda don bugu, ki tambayi mai sayarwa ko gyararriya ce, kuma wace fuskar.

A gida kuwa wuta ce maganin. Ki sami ƙaramin tocin gas irin wanda masu gyaran firji suke amfani da shi, ki daidaita shi har harshen wutar ya zama shuɗi tas. Ki goge bokitin da sifirit tukuna don cire maiƙo da ƙura, ki bar shi ya bushe sarai, sannan ki wuce da harshen wutar a kan wurin da za ki buga, da sauri, sau biyu ko uku. Ba dumama robar ake nema ba, taɓawar wutar ce take sauya fatar. In kin ga wurin ya yi ƙyalli ko ya lotsa, kin daɗe. Wutar kyandir ko ta kananzir ba za ta yi ba, hayaƙi za ta shafa miki, ta ƙara lalata lamarin. Ki gwada guda ɗaya da ruwa: in ruwan ya baje ya kwanta a wurin da wuta ta bi, ya kuma dunƙule a inda ba ta bi ba, aiki ya yi. Daga nan sai ki buga da tawadar da aka rubuta PP ko PE a jikin gwangwaninta, kuma a ranar, domin gyaran yana raguwa in aka bar shi ya kwana biyu. Akwai kuma wani ruwa da ake shafawa a madadin wuta, masu sayar da kayan bugu suna kiransa firaima ta PP. Ya fi tsada, amma ga mai aiki a cikin gida inda yara ke kai-komo, ni shi na fi so miki. In kuwa wutar za ki yi, to a tsakar gida, kuma gwangwanin tina da tsumman da ya sha tina su kasance a wani ɗaki daban, a rufe. Wannan ba abin wasa ba ne.

Jakunkunan da suka narke ma PP ne, duk da kamar yadi suke a ido. Ba saƙa su aka yi ba, zaren roba ne aka baje aka danne da zafi. PP tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165 a ma'aunin Salshiyas, dutsen guga kuwa in an kai shi kan auduga yana kaiwa wajen 200. Kin ga ba su da laifi. Su tawadar da ke bushewa da iska ake sa musu, ko dai ta mai ta PP, ko ta ruwa wadda ake ɗiga wa maganin da ke sa ta kama ba tare da guga ba. Ki shanya su a igiya, ki kunna fanka, ki ba su kwana guda kafin ki tara su wuri ɗaya. Ki kuma sa kwali a cikin kowace jaka lokacin bugu, don tawada tana ratsawa ta ɓata ɗaya fuskar.

Sai jesin 'yan ƙwallo, wanda na san shi ya fi ci miki rai. Jesi foliyesta ce, kuma rinin foliyesta ba irin na auduga ba ne. Da zafi ake shigar da shi cikin zaren, zafi kuma yana iya fito da shi. Tun daga wajen digiri 130 zuwa 140 rinin yakan fara tashi ya zama tururi, ya shige cikin tawadar da ke samansa. Abin haushin shi ne ba ya nunawa nan take. Za ki cire dutsen guga ki ga lamba fara fat, ki miƙa kaya ki karɓi kuɗi, rinin kuwa yana nan yana tafiya a hankali har ya fito fili bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma mako. Ja da maroon da shuɗi mai duhu su ne suka fi wannan hali, kuma jesi mai araha da wadda aka yi wa zane a jikinta gaba ɗaya sun fi kowa. Filastisol, tawadar da manyan masu buga riguna suke amfani da ita, ba ta nuna sai ta kai wajen digiri 160, wato tana buƙatar zafin da ya wuce inda rinin yake tashi. Don haka aka yi wata ta musamman don foliyesta wadda ke nuna a wajen 130, aka kuma yi wata mai launin toka da ake fara shimfiɗawa a ƙasa ta tare rinin kafin a ɗora fari a kai. In za ki ci gaba da karɓar jesi, waɗannan biyun su ne jarinki, tare da ɗan ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga, don dutsen guga ba ya gaya miki gaskiyar zafinsa. Kada kuma ki jibge jesi a kan juna da zafinsu, ki baza su su huce.

Kafin ki karɓi jesi, ga gwajin da ba ya cin minti biyu. Ki ɗora farin ƙyallen auduga a kan gefen rigar ta ciki, ki danna da zafin da za ki yi aiki da shi na ɗan lokaci, ki ɗaga. In ƙyallen ya ɗauki launi, farar lambarki ma za ta ɗauka. A nan sai ki ba masu rigar zaɓi, ko a sa baƙar lamba wadda rini ba ya nunawa a kanta, ko su biya kuɗin tawadar da ta dace. Game da samarin unguwarku kuma, shawarata ki kira kyaftin ɗinsu ki yi masa bayani, ki sake musu lambar da launi mai duhu a kan ta farkon. Zai fi miki sauƙi a kan sauya hanya duk lokacin da kika hango su.

Kofin tangaran da gilashi da kofin silba hanya ta uku suke bi, wato ta gam. Tawadarsu ifoksi ce mai zuwa gida biyu, tawada daban, hadna, wato maganin da ke sa ta daskare, daban, sai za a yi aiki ake haɗawa bisa awon da kamfanin ya rubuta. Da zarar kin haɗa, agogo ya fara tafiya, cikin 'yan sa'o'i za ta daskare ko a gwangwani ko a cikin ragar sikirinki, kuma in ta daskare a raga, ragar ta tafi ke nan. Don haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa. Ana goge kofin da sifirit, ba a kuma sake taɓa wurin da hannu, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana ta kamawa. Tana bushewa a taɓa cikin ɗan lokaci, amma ba ta gama ƙarfi sai bayan kwanaki, sai fa in an gasa ta a wajen digiri 140 zuwa 150 na kamar minti 20 zuwa 30. In za ki gasa, ki nemi tsohon oben da kika sallama wa wannan aikin, ba wanda kike gasa kek a ciki ba. Ki kuma bar tazara tsakanin rubutu da bakin kofi, inda leɓe ke taɓawa.

Duk da haka kada ki yi wa kowa alkawarin cewa bugun zai dawwama kamar rubutun kwalbar lemo. Wancan ma da raga ake buga shi, amma tawadarsa garin gilashi ce mai launi, ana shigar da kwalbar cikin wuta mai zafin wajen digiri 600 har rubutun ya narke ya zama jiki ɗaya da kwalbar. Ba aikin tsakar gida ba ne. Kofunan nan masu hoton ango da amarya kuwa wata hanya ce daban: kofi ne na musamman mai rufi a jikinsa, da takarda da injin zafi ake yi, babu raga a ciki. In hoto ake so, ki kai wa masu injin, ki ɗora ribarki a sama. Ba kowane kuɗi ne sai hannunki ya taɓa tawada za ki ci shi ba.

Na ambaci raga, kuma ina kyautata zaton raga ɗaya kike yi wa komai aiki da ita. Lambar da ke jikin raga, kamar 43 ko 77 ko 120, adadin zaren da ke cikin santimita guda ne. Mai 43 idonta manya ne, tana zubar da tawada da yawa, abin da auduga ke so ke nan tunda shanyewa take yi. Amma a kan roba ko gilashi, inda babu inda tawadar za ta shiga, wannan yawan sai ya malale ya cike cikin haruffa, ya kuma daɗe bai bushe ba. Su waɗannan raga mai 90 zuwa 120 suke so. Takarda ma haka, katin biki da bangon littafin rubutu duk siririyar raga ce tasu. Masu fara koyo da yawa da yadin gyale ko na labule suke haɗa firam, yana kuma yin aikin manyan haruffa a kan riga, amma ba shi da lamba kuma yana saki, don haka kada ki kai shi kan kofi. Maganin da kike shafa wa raga kafin ki haska zane shi ma iri biyu ne, akwai mai jure tawadar ruwa, akwai mai jure tina. In kin yi amfani da na farko da tawadar mai, kina cikin aiki za ki ga zanen yana cinyewa. Ki kuma sa ɗan kwali a ƙarƙashin firam ya ɗaga shi kamar milimita 2 zuwa 3, yadda ragar za ta taɓa abin a inda robar jan tawada ta danna kawai, ta tashi da kanta a bayanta. A kan riga mutum yakan tsira ba tare da wannan ba, a kan roba kuwa ragar za ta manne ta ja rubutun.

Yanayin garinku ma yana da ta cewa. Da hunturu tawadar mai tana bushewa a cikin idon raga kafin ki ɗauko abu na gaba, sai ki ɗiga mata ritada mai jinkirta bushewa, ki kuma riƙa mayar da tawada ki rufe zanen bayan kowane ja. A lokacin ne kuma roba take jan ƙura tana sa gefen haruffa ya yi gashi-gashi, maganinsa a goge ta da ɗan tsumma mai laima a bar ta ta sha iska. Da damina kuwa maganin raga ne yake ƙin bushewa, in kuma aka haska shi da sauran laima, wankewa zai yi.

Yanzu ga sababbin buƙatun da ke gabanki. Fata ki karɓa, amma ki duba wace iri ce. Wadda aka jeme da bagaruwa irin ta majemanmu, in ba a shafa mata wani abu mai ƙyalli ba, tana shan tawadar ruwa da kyau, kuma rubutu yana yin kyau a kanta ƙwarai. Ba ta son zafi, tana ƙanƙancewa ta yi tauri, don haka iska ce za ta busar. Wadda ta sha mai ko aka yi wa fenti mai santsi sai an goge wurin an gwada. Yawancin 'yan jakunkunan da ake kira na fata a kasuwa kuwa ba fata ba ce, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, ki duba bayanta za ki ga saƙa. Ita wannan sau da yawa tawadar PVC ce take kama ta, amma ki lanƙwasa wurin sau da yawa bayan ya bushe ki ga ko zai tsage, ki kuma ajiye shi kwana biyu ki ga ko zai yi danƙo.

Shadda galibi auduga ce, don haka a ka'ida tawadarki ta riguna ta isa. Matsalar ita ce ƙyallin nan da taurin da ake sayenta dominsu. An danne ta an kuma sa mata abin da ya toshe fuskar zaren, sai tawada ta zauna a kan wannan rufin, ranar da aka wanke su tafi tare. In an wanke ta kafin bugu tawada za ta kama, amma mai shadda ba za ta gode miki ba in kin dawo mata da ita ta yi laushi. Ki nemi ƙyallen da tela ya rage, ki buga, ki gasa, ki wanke sau uku, ki nuna mata sakamakon ta yanke hukunci da kanta. Haka nan in an kawo miki yadin da aka rina da baba irin na Ƙofar Mata a Kano, ki wanke shi har ruwan ya daina yin shuɗi, domin babar da ke kwance a sama tana hana kamu, tana kuma ɓata fari.

Mai ƙwarya kuwa ki ba ta haƙuri. Raga shimfiɗaɗɗiya ce, tana iya bin abin da ya lanƙwasa ta fuska ɗaya, kamar kwalba ko kofi, in aka kwantar da shi a kan boris huɗu da kafinta ya kafa a katako, yana juyawa raga tana wucewa a samansa. Ko bokiti ma, da yake sama ya fi ƙasa faɗi, ƙaramin tambari kawai za ki iya sa masa da 'yar raga marar firam mai tauri, wadda aka kama gefenta da kwali don ta lanƙwasu. Amma ƙwarya ta lanƙwasa ta ko'ina, kuma babu biyu masu girma ɗaya. Abin da za ki samu shi ne tsakiyar rubutu ya fito, gefe ya ɓace. Masu zanen ƙwarya da wuƙa da wuta sun fi mu iya wannan, ki haɗa ta da su. In ta nace sai sunan amarya da bugu, ki buga a kan 'yar fata ko ƙyalle a ɗaura wa ƙwaryar.

Cikin abubuwan da ba ki ambata ba amma za a iya kawo miki, katako bai da wuya: a goge shi da sanfefa, a shafa masa sila ta bushe don kada tawada ta bi jijiyarsa ta baje, sannan a buga. Bangon littafin da aka yi wa laminashan kuwa ki ɗauke shi a matsayin roba, don mafi yawansa PP ce a sama. Lema tana da maganin hana ruwa zama, wanda yake hana tawada zama ita ma, sai da tawadar nailan mai hadna.

Maigidanki yana da gaskiya ta wani ɓangare, ke ma kina da taki. Kuɗin yana wajen sauran kayan, amma ba a koyon sabon abu a kan kayan mutane ana saura kwana uku biki. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka gwaji kafin karɓar kuɗi ake yin sa. Duk abin da ba ki taɓa bugawa ba, ki ce a kawo miki guda ɗaya tukuna, ko ki saya da kuɗinki. Ki buga, ki bar shi ya kwana, in ifoksi ce ki ba ta kwanakin da aka rubuta. Sannan ki ɗauki reza ki tsaga rubutun a tsaye da a kwance ya zama ƙananan gidaje, ki manna salatif mai ƙarfi, ki murza da yatsa, ki fizge da sauri. In gidajen sun biyo salatif, kada ki karɓi aikin a haka. In yadi ne, ki ja shi ki ga ko rubutun zai tsage, ki wanke da omo kamar yadda mai shi zai wanke, ba a hankali ba. Ki ajiye littafi guda kina rubuta abin da kika buga a kai, da tawadar, da lambar raga, da yadda kika busar, da abin da ya faru, ki kuma adana samfurin a kwali. In aikin ya tabbata, ki ce a ƙaro miki biyu ko uku a kan kowane ɗari saboda waɗanda za su lalace, ki kuma sa kuɗin tina da firaima da ragar da za ta mutu a cikin farashi, ba kuɗin tawada kaɗai ba.

Tunda a gida kike aiki, ki lura da lafiyarki da ta yara. Tawadar mai da tina da hadna ba a buɗe su a ɗakin kwana ko kusa da madafa, sai inda iska ke ratsawa, da safar hannu. Takunkumin yadi ba ya tare warin tina. In maganin ragarki irin wanda ake zuba wa garin nan mai ruwan lemo ne, wato bayikuromet, ki sani guba ne mai illa ga fata da huhu, yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, gara ki koma na diyazo ko da ya ɗan fi tsada. In kina da juna biyu, ki bar aikin tawadar mai ga wani har ki sauka.

Kada ki buɗe duka a lokaci guda. Ki fara da jakunkunan rabo, don su ne aka fi nema kuma ba su buƙatar komai sai sauya tawada da ajiye dutsen guga. In sun zauna, ki shiga bokiti da mafici da siririyar raga da firaima. Jesi ta jira har ki sayi ma'aunin zafi, kofi kuma ya zama na ƙarshe, bayan kafinta ya haɗa miki katakon boris ɗin kin gwada shi a kan kwalaben da ba na kowa ba.